Barcin da A Ke Saye da Kuɗi

Yau maganarmu a kan barci ce, da ƙwayar nan da likita ya kan rubuta wa mutum sa'ad da barci ya ƙi zuwa. Ina roƙonka, ya ɗan'uwana, ka ba ni kunnenka har in gama, gama akwai abu guda can gaba wanda in ka rasa shi, abin da ka ji da fari zai iya cutarka.

Wanda ya san Bangi ya san Kilomita Biyar, wadda a ke ce da ita PK5. In ka tashi daga tsakiyar gari kusa da bakin kogin Ubangi, ka bi titin Boganda, bayan kilomita biyar sai ka iske kanka a cikin kasuwa. Daga nan sunan ya fito. Nan Hausawa su ke, da Fulani, da Barebari, da mutanen Cadi, kowa da rumfarsa. Ba sai na tuna wa mutanen Bangi abin da ya faru ran 5 ga Disamba 2013 ba. Faɗa ya ɓarke a cikin birni, cikin 'yan kwanaki aka kashe ɗaruruwan mutane. Wajen mutum 100,000 suka gudu suka fake a filin jirgin sama na Mpoko. Musulmin da suka rage suka taru a Kilomita Biyar, ba shiga ba fita. A 2018 aka sake jin bindiga, a Disamba 2019 kuma aka sake. Kasuwa ta koma ci, an gyara rumfuna. Amma akwai mutane da yawa, a cikin unguwar da kuma kewayenta, Musulmi da Kirista, waɗanda tun daga kwanakin nan ba su ƙara yin barci irin na dā ba.

Bari in ba ka labarin ɗaya daga cikinsu. Tela ne, ya girme ni da nisa, Baba na ke ce da shi. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da ya ke ya yarda in ba da labarin. An ƙone shagonsa a 2014, ya kuma ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Daga nan in ya kwanta, ko kwano ya faɗi a gidan maƙwabci sai ya zabura. Ya yi makonni a haka. Da hanya ta samu ya je wurin likita, likita ya rubuta masa diazepam, wadda mutane suka fi sani da Valium, ƙwaya 10, ɗaya kowane dare. Ya ce masa, “In sun ƙare ka dawo in gan ka.”

Daren fari ya yi barci har rana ta fito. Ya ce mini, “Malam, kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka.” To, ƙwaya ta ƙare. A daren da ba ta, barci bai zo ba ko kaɗan. Asibiti da nisa, ga layi, ga kuɗin ganin likita. Ga shi kuwa a bakin kasuwa akwai mai tebur da ke sayar da irinta, ba ya tambayar takarda. Sai ya saya. Bayan 'yan watanni ɗaya ta daina isarsa, ya koma biyu. Sa'an nan ya bar mai miligiram 5 ya koma mai 10. Sa'ad da na fara shiga gidansa yana shan 3 kowane dare, ya kuwa yi shekaru yana haka.

Ka lura, likitan nan bai yi masa mugunta ba. Diazepam magani ne na gaske. Da shi a ke tsai da jijjigar yaro a asibiti, da shi a ke taimakon wanda jikinsa ya sandare da ciwon tetanas. Yana cikin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada asibiti ya rasa su. Kwana 10 likita ya rubuta. Shekarun da suka biyo baya, ba shi ya rubuta su ba.

Ƙaƙa ƙwayar ta ke aiki? A cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wani abu da likitoci su ke kira GABA. Aikinsa kamar na linzami ne a bakin doki. Sa'ad da tunani ya ke gudu, shi ne ya ke ja, har jiki ya lafa. Ƙwayar barci ba ta kawo wani sabon abu, sai dai ta kama linzamin nan ta ja shi da ƙarfi. Shi ya sa mutum ya ke faɗuwa barci. Amma wanda ya taɓa kiwon doki ya sani, in kullum ana jan linzami da ƙarfi, bakin doki ya kan taurare. Jan da ya tsai da shi jiya ba zai tsai da shi gobe ba. Haka ƙwaƙwalwa ta ke yi. Cikin 'yan makonni ta saba, sai mutum ya ga ƙwaya ɗaya ba ta yi masa kome. Ba lalacewar hali ba ne, kada ka zagi mai shanta. Haka jikin ɗan Adam ya ke, naka da nawa.

Saboda wannan ne a 1988 kwamitin da ke duba magunguna a Ingila ya gargaɗi likitoci, ya ce irin wannan ƙwaya kada a ba da ita fiye da mako 2 zuwa 4, kuma sai in rashin barcin ya yi tsanani ƙwarai.

Kada ka ɗauka wannan wahala ta talaka ce kaɗai, ko ta baƙar fata. Turawa su suka fara shanta, su suka fara kuka da ita. A 1903 aka fito da wata ƙwaya a Jamus mai suna Veronal, ita da danginta a ke kira barbiturat. Aka yi murna, aka ce an sami maganin barci. Ashe tsakanin abin da zai sa mutum barci da abin da zai kashe shi tazara kaɗan ce. Mutane da yawa suka kwanta ba su tashi ba. Shahararriyar 'yar wasan nan ta Amurka, Marilin Monro, irin wannan ƙwaya ce ta kashe ta a 1962. A 1957 kuma wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fito da wata sabuwa, talidomid, aka ce ba ta da haɗari, har mata masu ciki suka yi ta sha. An janye ta a ƙarshen 1961, amma an haifi jarirai wajen 10,000 a ƙasashe dabam dabam, waɗansu ba hannu, waɗansu ba ƙafa, waɗansu da ɗan guntun hannu a kafaɗa. Da yawansu ba su rayu ba. Sa'an nan Valium ta zo a 1963. Gaskiya ne ta fi na dā sauƙin haɗari, amma aka ɗauki shekaru kafin a yarda cewa tana kama mutum ta riƙe. Bayanta aka kawo zolpidem, wadda a Faransa a ke sayarwa da sunan Stilnox, aka ce wannan kam ba ta da halin ta dā. A 2017 Faransa ta tsananta dokar rubuta ta, domin an ga ita ma tana kama mutane. Sau huɗu ke nan ana cewa an sami mai lafiya. Ni dai, in wani ya nuna maka sabuwar ƙwaya ya ce wannan ba ta da illa, ka tuna da jariran nan.

Yanzu bari mu koma wurin Baba tela, gama a jikinsa na ga yawancin abin da zan faɗa maka.

Abu na fari, ƙwayar ba ta ƙarewa da asuba. Diazepam tana daɗewa a jini. Bayan kwana ɗaya ko biyu rabinta kaɗai ya fita, ga tsoho kuwa ya fi haka. To, wanda ya ke sha kowane dare, ta yau tana hawa kan ta jiya, ta jiya tana kan ta shekaranjiya. Baba ya kan tashi da nauyin kai, ya zauna gaban keke yana gyangyaɗi da hantsi. Sau biyu allura ta huda yatsansa. Kuma barcin da ƙwaya ta ke bayarwa ba daidai ya ke da wanda jiki ya ke kawowa da kansa ba, gama tana rage barcin nan mai zurfi wanda ke wartsake mutum. Ya yi sa'a 9 a kwance, ya tashi kamar wanda ya yi dako.

Ka yi tunanin mai babur na haya da ya sha ƙwaya daren jiya, da safe ya ɗauki matarka da ɗanka a baya. Idonsa a buɗe, amma hannunsa ya makara wajen kama birki. A Amurka an gwada jinin masu shan zolpidem da safe, aka tarar ga mata musamman sauran maganin yana nan har ya isa ya ɓata tuƙi. Saboda haka a 2013 hukumar magunguna ta ƙasar ta rage abin da a ke ba mace, daga miligiram 10 zuwa 5.

Sai mantuwa. Wannan ita ta fi ƙona wa Baba rai. Mutumin da dā in ya dube ka sau ɗaya ya san awonka, sai ga shi yana auna mutum da safe, da azahar ya manta ya auna. Ana gab da salla ya yanka shaddar wani alhaji a kan awon wani dabam. Ya biya shaddar, alhajin kuma bai ƙara dawowa ba. Mutane suka fara cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, a lokacin bai kai 60 ba.

Ga tsofaffi na gaske kuwa abin ya fi muni. Tsohuwa ta sha ƙwaya, tsakar dare fitsari ya tashe ta, ta miƙe cikin duhu, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a bakin ƙofa ƙashin ƙugu ya karye. Kai ka san tsohon da ƙugunsa ya karye a garin nan, da wuya ya sake takawa. Mace mai ciki da mai goyo su ma su yi hankali, gama maganin yana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, yana kuma fita a nono. Jaririn ya kan yi laushi, ya kasa tsotso. Kuma ina jin waɗansu su kan ɓare ƙwaya su ba yaro domin ya bar kuka su samu su huta. Ina roƙonku, ku bari.

Akwai wani abin mamaki da zolpidem da 'yan'uwanta su ke yi. Mutum ya tashi cikin barci, ya hura wuta ya dafa abinci, ko ya buɗe ƙofa ya fita, ko ya tuƙa mota, da safe bai san ya yi ba. A 2019 hukumar nan ta Amurka ta ce ta tattara labarin mutum 66 da suka ji mummunan rauni ko suka mutu ta haka, 20 daga cikinsu mutuwa suka yi. Waɗansu sun faɗa ruwa, waɗansu sun yi karo da mota. In wani a gidanka yana shan irin wannan ka gan shi yana yawo da dare bai san inda ya ke ba, ka gaya wa likita gobe da safe, kada ka jira jibi.

Amma abin da ya fi saurin kisa shi ne gauraye. A nan Bangi ba wanda bai san Tramol ba, wato tramadol. Samari su kan sha da safe domin su ji ƙarfi, da dare idonsu ya bushe, sai su nemi diazepam ta kwantar da su. Wani kuma giya ya ke korawa da ita. To, ka ji. Linzamin nan da na faɗa maka ba tunani kaɗai ya ke riƙe da shi ba, har da numfashi. Tramadol tana ja, giya tana ja, ƙwayar barci tana ja. In suka haɗu, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya, mutanen gida kuwa suna cewa, “Ku bar shi, ya gaji.” Mai asma, da mai minshari irin wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, su ko ba gauraye ƙwayar tana da haɗari gare su. In ka ga mutum ya sha ƙwaya, kana girgiza shi bai farka ba, numfashinsa jefi jefi, yana wani irin gurnani a maƙogwaro, leɓensa ya sake launi, kada ka ɗura masa madara ko manja, gama zai shaƙe. Ka kwantar da shi ta gefe, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, a tafi da kwalin abin da ya sha.

Ban ma taɓa zancen ƙwayar tebur ba, wadda ta yi wata da watanni a rana. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin kowane magani 10 wajen guda ɗaya ko jabu ne ko bai cika ba. Abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki daban.

Yanzu na zo ga abin da na roƙe ka ka jira. A nan kuwa laifin nawa ne, ba na kowa ba.

Wata rana matar Baba ta tare ni a zaure. Ta ce, “Malam, kai ka yi makaranta. Ƙwayar nan za ta kashe mini maigida. Me zan yi?” Ni kuwa da ɗan karatuna na firamare, da zafin zuciya, na ce, “Inna, abin da ke cutar mutum ai ba a ajiye shi a ɗaki. Ki kwashe ki zuba a masai.” Ta yi yadda na ce. Ta kuma bi masu teburin da ke kusa ta roƙe su kada su sayar masa. Shi ma da kunya ta kama shi ya ce ya bari.

Kwana biyu na fari ba abin da ya faru, har na fara jin daɗin shawarata. Ban sani ba sauran maganin ne bai gama fita daga jininsa ba. A rana ta uku hannunsa ya fara rawa. Zufa ta yi ta karyo masa. Haske ya dame shi, ƙarar keke ta dame shi, ya ce fatarsa kamar tururuwa na bi. Barci kuwa ko na minti ɗaya babu. A dare na biyar ya yanke jiki ya faɗi, yana jijjiga, ya ciji harshensa har jini. Maƙwabta suka taru, wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu. Allah ya sa wani ƙaninsa ya ce a kai shi asibiti tukuna.

Da likita ta ji labari sai ta tambaya, “Wa ya ce a zubar da maganin gaba ɗaya?” Na ce ni ne. Ba ta zage ni ba, amma kallon da ta yi mini har yau ina ganinsa. Ta ce dokin da aka yi shekaru ana danne shi da linzami, in ka sake shi farat ɗaya, me zai yi? Jijjigar nan tana iya kashe mutum. Sai ta mayar da shi kan ƙwayar, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai. Sa'an nan ta shiga rage masa kaɗan kaɗan, bayan kowane mako biyu a gutsure ɗan abu, in ya ji wuya a dakata, in ya daidaita a ci gaba. Wata 8 aka yi kafin ya haɗiye gutsuren ƙarshe. Daga baya na ji cewa wata likita a Ingila, Heza Ashton, ta yi shekara 12 a birnin Niyukasil, daga 1982 zuwa 1994, tana raba mutane da wannan ƙwaya, kuma hanyarta ke nan, a hankali, wata da watanni.

Saboda haka, ya ɗan'uwana, in ka yi fiye da wata guda kana sha kowane dare, kada ka ji maganata ta yau ka tashi ka zubar. Ka ɗauki kwalin ka kai wa likita. Ka faɗa masa gaskiyar nawa ka ke sha, kada ka rage domin kunya, gama a kan abin da ka faɗa zai yi lissafi. Ka faɗa masa in kana haɗawa da Tramol ko giya. Haka kuma mai farfaɗiya da a ke ba Gardenal, dangin Veronal ce, amma shi maganin ciwonsa ne, kada ya bari sai da izinin likita.

In kuwa ba ka fara ba, amma dare yana yi maka tsawo, ka fara tambayar abin da ya kore barcin. Wani goro ne da shayi da kofi har bayan magariba. Wani ciwon gaɓoɓi ne, wani yawan fitsarin dare, wani bashi. Kowanne da maganinsa, ƙwayar barci kuwa ba ta warkar da ko ɗaya. Ka riƙa tashi lokaci guda kowace safiya ko ka yi barci ko ba ka yi ba. Ka rage barcin rana. In ka kwanta barci ya ƙi, kada ka yi ta juyi kana duban waya, ka tashi ka zauna har ido ya yi nauyi. In likita ya ga lalle sai ya rubuta maka ƙwaya, ka tambaye shi tun a ranar, “Kwana nawa zan sha, yaya kuma zan bari?”

Wanda tsoro ya hana shi barci kuwa, irin na Baba, akwai abin da ya kamata ya sani. A watan Agusta 2013, wata huɗu kafin bala'in Bangi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara ga ma'aikatan lafiya, ta ce wanda ya ga tashin hankali, kada a ba shi diazepam da danginta domin firgita ko rashin barci a cikin watan fari. Dalilinta, ba a ga shaida cewa tana warkar da firgitar ba, tana ma iya jinkirta warkewa, ga kuma kamun da ta ke yi. Abin da ya fi taimako shi ne mutum ya sami wanda zai zauna ya saurare shi, ya fitar da abin da ke cikinsa, in da hali wurin wanda ya koyi wannan aiki.

Baba bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani a 2014 ba, ko matarsa. A cikin watannin nan 8 ne ya fara faɗa, da fari ga wata ma'aikaciyar asibiti, daga baya ga wani tsohon abokinsa da su kan zauna a ƙofar gida bayan lisha. Ba zan ce maka ya warke sarai ba. Har yanzu akwai daren da ya kan farka ƙarfe 3. Ya ce mini in haka ta faru ya kan kunna fitila, ya ɗauki rigar da ta rage, ya yi ta ɗinkin maɓalli da hannu har a kira salla. Makon jiya na kai masa yadi. Ya dube ni sau ɗaya, ya ce na ƙara ƙiba a wuya, bai ko ɗauko abin awo ba.

Sai mako mai zuwa war haka. A kwana lafiya.